Ina zan samo −9V daga batir? TL072 ya ƙi magana

Baban Ummi, Tudun Wada

Assalamu alaikum jama'a. Sana'ata gyaran rediyo da amfilifaya, shagona na nan Tudun Wada. A gindin oga na koya, ba a aji ba, don haka in abu ya ƙone aka kawo, na san inda zan dafa mita in gano ciwon. Amma haɗa sabon abu daga zanen takarda, nan hannuna bai faɗa ba, ga shi kuma ya kama ni.

Islamiyyar unguwarmu na da wata ƙaramar amfilifaya da ake fito da ita ranar musabaƙa ko walimar sauka. Ƙofar makirfonta ta mutu tuntuni, saura wadda ake jona waya ko MP3. In aka cusa makirfo a nan, sai yaro ya kusa haɗiye shi kafin na bayan aji su ji karatunsa. Shugaban makarantar ya same ni ya ce in duba abin da za a yi kafin saukar bana, don kuɗin sabuwa babu su babu dalilinsu. Na ce zan haɗa ɗan akwati, makirfo ya shiga ta nan, murya ta fita ta can da ƙarfinta ta faɗa amfilifaya. Kuma da batir nake so ya yi aiki. Kun san halin wuta, in kuma aka tada janareto, duk abin da ke kan adafta sai ya kwaso gurnani ya zuba a lasifika.

Wani yaro ɗalibin Kadpoly, kwalejin fasaha ta nan Kaduna, da ke zama shagona da yamma shi ya zana mini yadda za a yi da ofam, wato irin ai-sin nan masu ninka sigina, ya zaɓi TL072. Makirfo ya shiga ƙafa ta 3. Rezisto 100k daga ƙafa ta 1 zuwa ta 2, sai 1k daga ta 2 zuwa girawun, wato wayar da wutar kowane sashe ke komawa kanta. Murya ta fita ta ƙafa ta 1. Duk wannan na gane. Inda na tsaya shi ne wajen wuta: a ƙafa ta 8 ya rubuta +9V, a ta 4 ya rubuta −9V, sannan ga alamar girawun daban a wurare uku. Yaron ya tafi garinsu hutu, wayarsa ba ta shiga.

Ni dai yadda na saba a rediyo, baƙar waya ita ce girawun. Sai na ɗauko batir mai 9 guda ɗaya, ja zuwa ƙafa ta 8, baƙa zuwa ta 4, duk inda ya yi alamar girawun na tattara na kai wa baƙar. Shiru. In na yi ihu a makirfon sai a ji wani ƙarr-ƙarr kamar takarda na yagewa. Na sa mita a ƙafa ta 1, ta tsaya kusan 8 ba ta motsi. Na canza ai-si, haka. Ba ya zafi, ba ya wari.

To tambayata: shi wannan −9 ɗin daga ina ake samo shi? Akwai wani batir na daban ne? Na tuna yaron ya taɓa cewa batir biyu za a sa, amma a sanina in ka jera biyu kai da gindi 18 ne, in ka haɗa su gefe da gefe 9 ne dai. Sha takwas ba zai gasa ai-sin ba? Kuma a wace waya zan sa makunni? Sannan za su kai ƙarshen taro kuwa, ko sai an tsaya canji ana tsakar karatu? Allah ya saka wa wanda ya taimaka.

Tsohon Injiniya, Unguwar Rimi

Wa alaikumus salam Baban Ummi. Ai-sinka lafiyarsa lau, na farkon ma da ka cire mai da shi aljihu, zai yi maka wani aikin.

Kafin ka taɓa bod, yi wannan a kan tebur. Ɗauko batura biyu, kowane da hularsa mai waya ja da baƙa. Kama baƙar wayar na farko ka murɗe ta da jar wayar na biyu. Yanzu kai uku ne a gabanka: ja a sake, baƙa a sake, sai murɗaɗɗiyar nan ta tsakiya. Sa mitarka a DC 20. Ɗora baƙin tsinke kan murɗaɗɗiyar, ka bar shi nan kada ya ɗaga. Taɓa jar waya da jan tsinke, za ka ga 9 da ɗoriya. Mai da jan tsinken kan baƙar wayar da ke sake, za ka ga 9 ɗin dai amma da alamar mainos a gabansa. Shi ne abin da kake nema. In ka auna daga ja zuwa baƙa kuwa 18 ne, lissafinka bai ɓata ba.

Babu wani batir na daban. Bolt ba a auna shi shi kaɗai, sai dai tsakanin wuri biyu, kuma kai ne ke zaɓar inda za ka kira sifiri. Kamar bene ne mai hawa biyu: wanda ke tsakar gida zai ce rufin yana sama da shi hawa biyu, wanda ya tsaya a hawa na ɗaya zai ce akwai hawa ɗaya a samansa, ɗaya a ƙasansa. Ginin bai canza ba. A rediyo an saba tsayawa a ƙasa, shi ya sa baƙar waya ta zama girawun. A zanen yaronka tsakiya aka tsaya. To ja zuwa ƙafa ta 8, baƙa zuwa ta 4 ita kaɗai, murɗaɗɗiyar kuma ita za ka kai duk inda ya yi alamar girawun: gindin rezisto 1k, ragar wayar makirfo, da ragar wayar da za ta tafi amfilifaya.

Ga dalilin da ya sa naka ya yi gum. Duba ƙafafun TL072 guda takwas: 1 da 7 fita, 2 da 3 da 5 da 6 shiga, 8 da 4 wuta. Babu ƙafar girawun ko ɗaya. Shi abin da ya sani kawai akwai bango a sama, akwai bango a ƙasa, kuma a tsakaninsu zai yi wasansa. Murya kuwa daga makirfo sama da ƙasa take lilo a gefen sifiri biyu. Da ka haɗe girawun da ƙafa ta 4, ka ajiye muryar a jikin bangon ƙasa, rabin lilon ba shi da wurin zuwa. Ƙari a kan haka, TL072 ba ya aiki sam in ƙafar shigarsa ta matso kusa da ƙafa ta 4, yana son ratar wajen bolt uku zuwa huɗu. In an matse shi yana da wata ɗabi'a, maimakon ya faɗi ƙasa sai ya yi tsalle ya manne a sama. Takwas ɗin da mitarka ta nuna ke nan.

Batun ƙonewa, kwantar da hankalinka. Iyakarsa 18 ta kowane gefe, wato 36 gaba ɗaya, kai kuma rabin haka za ka ba shi. Fitarsa ba za ta kai 9 cif ba, tana tsayawa wajen bolt ɗaya da rabi kafin bango, ka ce 7 da wani abu sama, 7 da wani abu ƙasa. Ƙofar MP3 ta amfilifaya ko bolt ɗaya ya ishe ta, ka ga akwai fili har da saura.

Mu da muka fara da tsohon ofam ɗin nan 741 haka muka taso, kullum wuta kai uku. Shi 741 kamfanin Fairchild ya fito da shi a 1968, kuma har yau ana sayar da shi. Kakanninsa ma, na zamanin kwalaben rediyo, irin K2-W na Philbrick a 1953, +300 da −300 suke ci. Don lissafi aka yi su a kwamfutocin da, lissafi kuwa dole wata rana amsa ta fito ƙasa da sifiri. In ka taɓa sa 741 a madadin wannan, ka lura ƙafafunsa daban ne, fulos ɗinsa a ta 7 yake, fita a ta 6.

Makunni shi ne inda mutane ke yawan asarar batir. Mai yanke waya biyu lokaci ɗaya za ka nema, irin mai ƙafa shida ɗin nan da ke layi biyu. Jar waya ta bi layi ɗaya, baƙa ta bi ɗayan, ta tsakiya kada ka yanke ta ko kaɗan. In ka yanke ja kaɗai, batir na ƙasa yana nan jone, yana iya samun hanya ta cikin ai-si yana tsiyaya a hankali, kuma duk sanda aka kunna ko aka kashe lasifika sai ta yi fam. In kuma ta tsakiya ka raba da bod, 18 ɗin na nan a kan ai-si, ka kashe ne a ranka kawai.

Kafasito: ƙanana masu lamba 104 guda biyu, ɗaya daga ƙafa ta 8 zuwa girawun, ɗaya daga ta 4 zuwa girawun, ka matso da su jikin ai-si iya yadda dalma za ta bari. Sannan mai 47 ko 100 maikuro a kowane gefe inda wayoyin batir suka shigo. Na gefen mainos a buɗe ido: doguwar ƙafarsa, wato fulos, ita ke zuwa girawun, mai zanen kuma ta tafi −9. Hannu ya saba kai mai zane girawun, sai ka tsaya ka yi tunani kafin ka ɗiga dalma.

Rabin ai-sin da ba ka amfani da shi kada ka bar shi a sake. Haɗa ƙafa ta 6 da ta 7, ka kai ta 5 girawun.

Daɗewa kuwa, TL072 duka biyun cikinsa wajen miliam 3 yake ja. Batir alkalin mai 9 yana ɗauke da sama da miliam-awa 500, to raba ka gani, ya haura awa ɗari da hamsin a lissafi. Masu arhan nan da aka rubuta wa 6F22 ba su kai haka ba, amma su ma sun fi ƙarfin walima ɗaya nesa ba kusa ba. Sai dai kada ka ɗauka don biyu ne za su ninka kwana. Wutar ta cikin su biyun take ratsawa, tare suke tsufa.

Ɗan Panteka

Oga Baban Ummi, Baba Injiniya ya gama magana, amma ni in ce me ya kai ka batir biyu a tsadar nan? Jera rezisto 10k guda biyu a kan batir ɗaya, tsakiyarsu 4.5 ne, ka kira shi girawun, shi ke nan ka samu +4.5 da −4.5. Ko ka cire TL072 ka danna LM358, ƙafafunsu iri ɗaya ne, shi da batir ɗaya aka san shi, ko a tsohon bod ɗin UPS za ka cire shi kyauta.

In kuma dole sai kai uku, bar batir mai 9 ɗin nan, cin kuɗi ne. Nemi mataccen batirin laftof ka fasa, baturan caji masu lamba 18650 ne a ciki, yawanci ɗaya ko biyu ne suka mutu sauran garau. Biyu sama biyu ƙasa, 7.4 kowane gefe, shekara za ka yi ba ka neme su ba. Ka sa musu ɗan bod ɗin cajin nan TP4056 kowane da nasa, ka jona cajar waya. Akwatin ƙarfe kuma in kana so shigo kasuwar Panteka da awonka, akwai masu lanƙwasa faranti nan take.

Maman Sadik, Barnawa

Sallama gare ku. Ina koyar da wannan darasin a makarantar fasaha, kuma kowace shekara sai ɗalibai sun tsaya daidai inda Baban Ummi ya tsaya. Ɗan Panteka, shawararka ta farko tana da hanya, ta ƙarshe kuwa sai an gyara ta kafin wani ya gwada.

Raba batir ɗaya da rezisto biyu dabara ce sananniya, akwatunan da masu kiɗan gita ke takawa yawancinsu haka aka yi su da batir mai 9 ɗaya. Amma ba a tsayawa a rezisto. Sai an sa kafasito a kan tsakiyar don ta tsaya da ƙafarta, sannan in mainos ɗin batir aka bari a matsayin ragar waya, sai an sa kafasito a shiga, a fita, da gindin 1k, don kada 4.5 ɗin ya bi makirfo ko amfilifaya. Kayan sun ƙaru ke nan. Kuma TL072 a kan 4.5 kowane gefe a bakin gaɓa yake, tsohuwar takardar bayaninsa ta kamfani daga 5 ta fara ba da shawara. Ranar da batir ya sauka 7, saura 3.5 kowane gefe, murya za ta fara shaƙewa alhali batirin bai mutu ba. Da batura biyu kuwa ko kowane ya sauka 7, ai-sin bai san an yi ba. Ga wanda wannan ne haɗinsa na farko, biyun sun fi sauƙin ganewa da sauƙin bin sawu in wani abu ya ƙi.

LM358 gaskiya ne yana aiki daga bolt 3 zuwa 32 da wuta kai biyu, kuma ba ya damuwa in shigarsa ta sauka har ƙasa. Amma fitarsa ba za ta iya sauka ƙasa da mainos ɗin batir ba, don haka in an danna shi a haɗin da Baban Ummi ya yi, rabin murya za a ji, sai dai shi ma a ɗaga masa tsakiya. Bayan haka yana da shuu a ciki, yana kuma ɗan tuntuɓe duk sanda sigina za ta tsallake tsakiya. A ninki ɗari, sama-saman murya yakan dushe masa tun kafin a kai kilohaz 10. Na fitilar caji da na'urar auna zafi ba ruwansu da wannan. Amma nan karatun Alƙur'ani za a saurara, alƙalan musabaƙa na kasa kunne su ji bambancin sin da sad, su kuwa waɗannan haruffa a saman murya suke zaune. A bar TL072 a wurinsa.

Yanzu batun 18650. Su kansu ba laifi, huɗu za su ba da 8.4 kowane gefe in sun cika. Haɗarin yana wajen caji. TP4056 batir ɗaya yake caji zuwa 4.2, kuma mainos ɗin shigarsa da na fitarsa a haɗe suke. In ka jera batura kai da gindi, ka ba kowane bod ɗinsa, sannan ka ciyar da bod ɗin duka daga caja ɗaya, ka haɗe mainos ɗinsu ke nan ta bayan gida. Mainos ɗin na sama kuwa shi ne fulos ɗin na ƙasa. Wato ka ɗaure bakin batir da gindinsa da waya. Batir mai 9 in aka yi masa haka ɗumi zai yi ya mutu, 18650 kuwa waya yake mayarwa ja, yana iya kamawa da wuta. Wanda zai bi wannan hanya ya sa su a gida mai sifirin, ya riƙa ciro su yana caji ɗaya-ɗaya, ya kuma sa fis a kowane gefe. Akwatin da za a bari a ofishin Islamiyya hannun wanda ya samu, ni ba zan sa masa su ba.

Akwai kuma wani ai-si, ICL7660, wanda ke karɓar +9 ya juya shi ya ba da kusan −9 da kafasito biyu. Don kada wani ya kawo shi: yana kaɗawa a wajen kilohaz 10, cikin abin da kunne ke ji, kuma na'urar da ke ninka murya sau ɗari ba za ta rasa kwaso wannan siririn fito ba. Mai S a ƙarshen lambarsa ana iya ɗaga nasa sama da ji in an kai ƙafarsa ta 1 fulos. Na asalin, marar S, kuma iyakarsa bolt 10, in ka ba shi 12 ya tafi.

Baban Ummi, Tudun Wada

Alhamdu lillahi, ya yi magana! Baba Injiniya, Allah ya ƙara girma. Yadda ka ce haka na yi a tebur, da na ga alamar mainos ta fito a mita sai da na yi dariya ni kaɗai a shago. Yanzu ƙafa ta 8 na nuna 9.4, ta 4 na nuna −9.3. Na kira wani almajiri da ke wucewa ya karanta Fatiha daga nesa da makirfo kamar taku ɗaya, mai shayin tsallaken titi ya ɗago kai. Malama, na gode, na bar maganar batirin laftof. Ɗan Panteka kada ka ji haushi, akwatin dai wajenku zan zo.

Saura abu huɗu. In ba a magana, ƙafa ta 1 ba ta zama sifiri, tana nuna wajen 0.3, kuma in na murɗa maɓallin ƙarar amfilifaya sai ya yi ƙwarr, alhali da MP3 ba ya yi. Na biyu, in na kasa kunne jikin lasifika ina jin wata tashar rediyo can ƙasa-ƙasa, in kira zai shigo wayata kuma sai tit-tirit-tirit. Bod ɗin a tsirara yake kan tebur tukuna. Na uku, ina so in sa ƙaramar fitila don a san a kunne yake, kada a mance shi. Na huɗu, ina da batirin UPS mai 12 guda ɗaya a shago da ke riƙe caji. Zai yiwu in sa shi a sama, mai 9 a ƙasa, ko dole sai sun zo daidai?

Tsohon Injiniya, Unguwar Rimi

Madalla. Malama ta faɗi gaskiya kan cajin nan, a riƙe.

Wannan 0.3 ba ciwo ba ne. Kowane ofam yana da ɗan bambanci tsakanin ƙafafun shigarsa biyu tun daga masana'anta, na TL072 wajen milibolt 3 ne, wani ya kai 10. Zanenka yana ninka komai sau 101, wato 100k a raba da 1k a ƙara ɗaya, kuma bai san murya daban wannan daban ba. Uku sau ɗari, ga 0.3 ɗinka. Shi ne ke bin waya ya zauna a kan maɓallin ƙara yana sa shi ƙwarr. Magani biyu, ka yi duka. Ɗaga gindin 1k daga girawun ka sa kafasito mai 10 maikuro a tsakani. Murya za ta wuce ta cikinsa har ƙasa wajen haz 16, wutar da ke tsaye kuwa ba za a ƙara ninka ta ba, mitarka za ta dawo kusan sifiri. Sannan wani mai 10 maikuro a hanyar fita, da rezisto 100k daga bayansa zuwa girawun. Ka kuma sa 47k daga ƙafa ta 3 zuwa girawun, don in an zare makirfo kada ƙafar ta zauna a sake.

Rediyo da waya, yawancinsa zai tafi in bod ya shiga ƙarfe, muddin jikin akwatin na haɗe da wayar tsakiya. Ƙara da ɗan kafasito mai 47 fiko a kan 100k ɗin, ƙafa da ƙafa, da wani mai lamba 102 daga ƙafa ta 3 zuwa girawun daidai bakin jak. Wayar da ke tsakanin jak da bod ta zama gajera kuma mai raga.

Fitila kada ka rataya ta a batir ɗaya. Yadda aka saba sa ta da 1k, ita kaɗai za ta ci ninkin abin da ai-si ke ci, batir na sama ya riga ɗan'uwansa mutuwa. Ɗaura ta daga +9 zuwa −9 bayan makunni, da rezisto 10k. Wajen miliam ɗaya da rabi ke nan, su biyun suna biya daidai, kuma fitilun yanzu suna haske da hakan.

Sha biyu a sama tara a ƙasa zai yi aiki. Na ce maka ba shi da ƙafar girawun, jimla yake gani, 21 kuma tana cikin iyaka. Abin da zai faru kawai filin sama ya fi na ƙasa faɗi, kai kuma ko kusa da bangon ba ka zuwa. Amma me ka samu? Ƙaramin ne zai riƙa mutuwa, ka ɗauki nauyin babban a banza, kuma dole ka sa masa fis a bakinsa don shi ba ya wasa in waya ta haɗu. In kuma wannan batirin ne ke ciyar da inbata ko amfilifayar kanta, gurnanin da ka gudu ka jawo shi da hannunka. Bar shi a shago yana kunna maka fitila.

Ka sayi baturan iri ɗaya rana ɗaya. Ranar taro da safe ka kunna akwatin ka auna ƙafa ta 8 da ta 4 yana aiki, don batir in ba a jan wuta a jikinsa yakan nuna lafiyar da ba shi da ita. Duk wanda ya sauka ƙasa da 7, canza su biyun. Ka gaya wa malamai su fara kunna akwatin kafin amfilifaya, wajen kashewa kuma amfilifaya ce farko.

Ɗan Panteka

Na karɓi gyara, Malama. Oga in za ka zo, taho da jak ɗinka biyu da makunnin a hannu a huda ramin daidai su, ka kuma auna da baturan a kwance, mutane kan manta da wurinsu sai murfi ya ƙi rufuwa. Jak mai wuyan ƙarfe shi zai haɗa maka akwatin da girawun da kansa in ka kankare fentin wurin. Ka sa kwali ko roba a ƙarƙashin bod, ka naɗe mahaɗar wayoyin batir da tef, don a wannan haɗin ja da baƙa duk masu wuta ne, kowace ta taɓa bango batirinta ne zai tafi.